Mato Wanda Bariki Ta Kashe

Duk wanda ya san Mato masunci a tsufansa ya san ba a ajiye masa abinci a ƙasa. Ko ruwan sha ne, sai dai a miƙa masa hannu da hannu. In ka manta ka dangwarar da ƙwarya a gabansa, ba zai yi maka faɗa ba. Komarsa zai naɗe ya tashi ya bar maka wurin, kuma ranar ba za ka sake ganin haƙorinsa ba. Baƙi kan ce girman kai ne irin na tsofaffin sojoji. Baƙi ba su san komai ba.

Matarsa Marka goggona ce, ƙanwar mahaifina, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa. Sauran na tsinto a bakin mutanen Madarumfa, sai da na tankaɗe shi sosai, domin yanzu kowa cewa yake tun ranar farko shi ya gane Mato, shi ya fara yi masa barka da zuwa. Ƙarya suke yi. Mahaifina kansa ranar sai a bayan rumbu aka same shi.

Gidan su Mato gidan Anna ne a bakin tafki, masu bin addinin kakanni, su yi noma da damina, su shiga ruwa da rani. Maigidan shi ne Baba Nomau, wan mahaifin Mato. Shi ke riƙe da wuƙar yanka a gindin jigo, itacen tsafi da ke kafe a tsakar gida, inda ake kiran sunayen matattun gidan a zuba musu rabonsu a ƙasa. Shekarar da yaƙin Jamus ya tashi, kumandan, Banasaren da ke mulkin ƙasar Maradi, ya aiko a ba shi samari. Masu wayo suka tuna suna da dangi a Katsina, dangin da ba su taɓa gaisarwa ba, suka tsallaka. Mato bai tsallaka ba, saboda Marka na da jariri a baya. Lokotoron soja ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, aka tura shi layin masu tafiya.

A hanyar Damagaram ya haɗu da Wada, ɗan garin Gabi. Uban Wada maharbi ne, ya mutu tun yaron na ƙarami, ya bar shi da uwarsa Inde, kuma shi kaɗai gare ta. Da yana da mai tsaya masa wurin sarki da ba a ɗauke shi ba, amma wa zai tsaya wa ɗan gwauruwa? Mato ba ya magana, Wada ba ya shiru, sai suka dace. Kafin su ga teku sun zama aminai, ɗaya ba ya cin goro sai ya fasa wa ɗaya.

A barikin soja aka ɗaura wa kowa wani ɗan ƙarfe a wuyan hannu da sarƙa, da rubutu a jikinsa. Sarjan ya yi dogon bayani, amma da Bambaranci ya yi shi, abin da mutanenmu suka tsinta kawai shi ne duk wanda ya yar da nasa zai sha duka. To abin da ake ɗaurawa a jiki, da rubutu, a ce kada a rabu da shi ko wurin wanka, mene ne sunansa a ƙasarmu? Laya ce. Haka Mato da Wada suka ɗauke shi, layar Nasara, suka jera ta da nasu na gida. Ni ban ga wautarsu ba. Wautar na wurin wanda ya rataya wa mutum sunansa bai gaya masa da harshen da yake ji ba.

Maharba na da wata al'ada. In aminai biyu za su shiga daji mai haɗari, sukan yi musanyar laya, wai in mutuwa ta biyo ɗaya ta iske alamar wani a jikinsa, sai ta rikice ta koma. Da aka kai su Faransa, aka ce Jamus sun matso, su biyun suka tsuguna a bayan wata katanga suka yi musanya. Suka musanya layun fata, suka musanya ƙarfen Nasara ma, don kada a bar wata ƙofa a buɗe. Ba a jima ba aka tarwatsa rundunarsu. Wada ya faɗi a bakin wata gada, Mato na ganinsa, bai samu ko rufe masa ido ba Jamus suka kama su, aka kora su gaba kamar awaki. Masu binne gawa suka karanta ƙarfen da ke hannun mamacin, suka rubuta Mato na Madarumfa ya mutu. Jamus suka karanta wanda ke hannun kamammen, suka rubuta Wada na Gabi.

Sau ɗaya ya gwada gyarawa. An kira lamba da sunan Wada, ya ce shi Mato ne, aka ba shi gindin bindiga a baki. Haƙoran nan da babu a gaban bakinsa, can ya baro su. Daga nan duk lokacin da aka kira Wada sai ya amsa. Ya sare itace da sunan Wada, ya haƙa dankali da sunan Wada, har yaƙi ya ƙare. Da sunan aka sallame shi, aka ba shi ɗan littafin soja. A ransa ya ce in ya isa gida, inda kowa ya san fuskarsa, maganar ta mutu.

A gida kuwa tuni gardi, ɗan saƙon kumandan, ya zo a kan doki ya tsaya ƙofar gidan Baba Nomau ya faɗi abin da bariki ta aiko shi da shi. Aka yi kuka, aka dafa giya, aka kira sunan Mato a gindin jigo aka zuba masa rabonsa. Marka ta yi takaba ta fita. Masu neman aure suka yi ta zuwa, ta yi ta korarsu da bakin nan nata, ta ce sai yaronta ya iya riƙe hauya tukuna.

Shekarar da ta biyo bayan wadda Gulbi ya cinye tsohuwar Maradi, da rana tsaka, sai ga wani dogo ramamme cikin kakin soja ya nufo ƙofar gidan yana gafara da muryar Mato. Matan da ke dawowa daga tafki suka watsar da tulunansu. Goggo Marka ta ce ita dai ba ta gudu ba, amma ba don jarunta ba, ƙafafun ne suka ƙi.

Daga ranar gari ya rabu. Wasu suka ce fatalwa ce, a duba ko yana da inuwa. Aka duba, yana da ita, sai suka ce ai irin na ƙasar Nasara da inuwarsu suke zuwa. Wasu suka ce wani ɗan iska ne da ya zauna da Mato a bariki, ya haddace labarin gidan, ya zo cin garkar bakin tafki. Mato don ya kashe maganar sai ya zaro littafinsa ya ba wani da ya taɓa zaman lakwal, makarantar Nasara, ya ce ya karanta a bainar jama'a. Mutumin ya gyara murya ya karanta da ƙarfi, Wada, na Gabi. Da ma ya bar littafin a aljihu. Sai aka samu magana ta uku wadda ta fi sauran muni, wai ya kashe ɗan mutane a can ya sato sunansa, ko kuma maye ne ya lashe kurwar yaron har da sunan.

Baba Nomau bai shiga wannan surutu ba. Ya fito ya tsaya daga cikin danga, ya daɗe yana kallonsa.

"Na gane ka, Mato," in ji shi. "Gabana anka haihe ka, ko cikin dubu ina gane ka."

"To Baba, in shigo?"

"A'a. Mun kira sunanka gindin jigo, mun zuba maka giya, mun miƙa ka ga waɗanda sunka riga mu. In ka ƙetare dangag ga ka ci da mu, ban san wa za su ɗauka madadinka ba, kuma akwai yara cikin gidan. Ba mu munka ce ka mutu ba, bariki ta aiko. Ta sake aikowa ta ce ƙarya ta yi, sannan in samu abin da zan hwaɗa masu."

Aka yi masa bukka a wajen danga, ta fuskar tafki. Ba ya shiga jirgi da ƴan'uwansa, ba ya taɓa iri ranar shuka, ba ya taɓa ɗansa. Abinci kuwa yadda ake ba matattu ake ba shi, a kawo a ajiye a ƙasa a ja da baya. Marka ce ke kawowa. Ta ce mini a duk wahalar da ta sha a duniya babu wadda ta kai wannan, ta tuƙa wa mijinta tuwo ta dire masa a ƙasa kamar na kare, tsofaffin gidan na leƙe ta danga su ga ko hannunta zai taɓa nasa. Ta so ta karya dokar, shi ya hana ta. Shi ma yana tsoron abin da Baba Nomau ke tsoro, kuma a cikin yaran gidan akwai nasa.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu shi ne, waɗanda suka fi kowa kiransa maye, su ne ke zuwa su yar da yagaggiyar koma a ƙofar bukkarsa su wuce kamar faɗuwa ta yi. Sun san a duk bakin tafkin babu mai ɗinki kamarsa. Ya ɗinke ya mayar inda ya tsinta, su zo su ɗauka, su wanke ta da wani jiƙo kafin su jefa ruwa. Kifin da ta kamo dai ban ji wanda ya zubar ba.

Sai ya kama hanyar Maradi da ƙafa. A ƙofar biro, ofishin kumandan, akwai tafinta mai suna Shu'aibu, mutumin da ya ga ƙarya iri-iri har ya daina gane gaskiya in ta zo. Tun da aka fara maganar za a riƙa ba tsofaffin sojoji wani abu, mutane ke zuwa da littattafan da ba nasu ba suna rantsuwa nasu ne. Amma wanda ya zo da littafi mai kyau a hannu yana cewa ba nasa ba ne, shi matacce ne a mai da shi, bai taɓa gani ba. Don haka ya tabbata akwai wata babbar cuta a ƙasa. Kumandan shi kuma nasa zargin daban, ko dai mutumin ya gudu daga fagen yaƙi ya ɓuya a sunan wani, ko ya san yadda Wada ya mutu fiye da yadda yake faɗa. Da Mato ya ba da labarin musanyar laya, kumandan dariya ya yi, ya ce bai taɓa jin ƙarya maras kan gado irin wannan ba. A gari kuma masu tsokana na cewa ai Mato ya ji daɗi, matacce ba ya biyan lanho, wato haraji.

Aka ce ya kawo shaida, ya kawo Marka. Kumandan ya sa a tambaye ta sunan mutumin da ke tsaye. Marka ta ja zane ta rufe baki. Ita da aka haifa aka hora, ta kama sunan mijinta gatsal a gaban maza?

"Ke, hwaɗi sunan nashi mana!" in ji Shu'aibu.

"Uban yaron nan na," ta ce.

"Suna anka tambaye ki."

"Ai ya san sunanshi, ga shi nan tsaye."

Shu'aibu ya san sarai abin da ya hana ta, shi ma haka matarsa take. Amma ya juya ya gaya wa kumandan matar ta ƙi faɗi, bai ƙara komai ba, kuma har yau ban yafe masa wannan ba. Aka rubuta aka aika Yamai, daga can aka aika Dakar. Damina ta zo ta wuce kafin amsa ta dawo, kuma amsar ita ce Mato ya mutu a Faransa, Wada yana raye an sallame shi. In ana so a taɓa rubutun, sai dangin Wada sun zo da kansu sun ce wannan ba nasu ba ne.

A nan ni ma ina da tambaya a kan Mato. Gabi ba nisa gare ta ba. Me ya hana shi zuwa tun dawowarsa ya gaya wa tsohuwa ɗanta ya mutu? Mutanen gari sun ce rashin gaskiya ne. Goggo Marka ta ce tsoro ne, kuma ba tsoron faɗan Inde ba. Abin da ke cinsa shi ne tunanin da kowane ɗan ƙasar nan zai yi. An yi musanya don mutuwa ta rikice, to ta rikice ɗin. Ta zo neman Mato, ta iske alamar Mato a hannun Wada, ta ɗauka. Da wace fuska zai kai wa uwa wannan labari?

Inde kuwa ta je bariki tun da sojoji suka fara dawowa, an duba an ce mata ɗanta na raye, an sallame shi. Ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta ce yaro ne mai son yawo, ya tsaya Kano ko Katsina neman abin da zai shigo da shi gida. Duk wanda ya fito daga Ɗan Issa, garin da ke kan hanyar Katsina, sai ta tare shi da tambaya. Kowace shekara ta sa a sake wa ɗakinsa jinka. Kuma da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi, "mutumin nawa" take cewa. Labarin wani a Madarumfa mai yawo da sunan ɗanta ya riga Mato isa wurinta, da duk gishirin da aka ƙara masa a hanya.

Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa ba, ba ta ba shi ruwa ba. Ya kwance ƙarfen da layar fata ya ajiye a gabanta. Ta gane layar, ita ta kai wa baduku ya ɗinke. Ya gaya mata komai, da gadar, da musanyar, da abin da bariki ke so.

"In na ce kai ba shi ba na, mi za su rubuta?" ta tambaya.

"Za su rubuta ya mutu, Inna."

"Kak ka ce mani Inna. Wato ka zo in tahi in kashe shi da bakina, kai ka samu ka shiga gida ka ci tuwo." Ta ture ƙarfen da ƙafa. "Bariki ta ce shina da rai. Kai kuwa an ce mani maye na. Ka san abin da ƙarhen ga ya ƙumsa, ka lallaɓe shi ka rataya mashi mutuwarka. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, amma bai koma Madarumfa ba. Ruwa ya sauka, tsohuwa ta yi shuka da kanta, ciyawa na neman cinye geron. Ya ari hauya ya shiga gonar ba tare da an ce ya shiga ba, yana kwana a rumfar maƙera. Mutanen Gabi suka ce toshiya ce yake bayarwa. Inde ta ce a bar shi, wahalar banza yake yi, amma ta hana yaran maƙwabta zuwa kusa da shi. Kullum takan zo ta tsaya bakin gona ta zuba masa ido, wai tana duba ko yana binne wani abu a ƙasarta. Ya yi noman farko, ya yi maimai, ko sannu ba ta ce masa ba.

Ran nan gero ya fara fid da kai, ta zo ta tsaya kamar kullum, sai ta kira shi.

"Kai. Musanyag ga, wa ya ce a yi ta?"

Mato ya dafa hauya. "Ni na ce, Inna."

"Kai ka ce?"

"Ni na."

"To da kunka yi, mi kunka hwaɗa? Ai ba a yin ta baki ruhe."

Ta ce tana jira. Sai ya maimaita kalmomin kamar yadda aka faɗe su a bayan katangar nan. "Mai nema ya zo, ya iske baƙo, ya koma ta inda ya hito."

Tsohuwa ta zauna daɓas a cikin ciyawar da ya nome.

"Masunta ba su da wannan magana," ta ce. "Ta gidanmu ta. Ta ubanshi ta, shi da amininshi kaɗai ka hwaɗinta. Ni na bi yaron har bakin hanya ranar da anka tahi da su, na koya mashi ita. Na ce in ya samu amini na ƙwarai, kada ya shiga wuta ba su yi musanya ba." Ta ɗago ta dube shi. "Ya hwaɗa maka ni na ce?"

Mato ya sa ido a ƙasa.

"Ya hwaɗa maka," in ji ta. "Bakinshi ba ya riƙe magana."

Goggo Marka ta ce ita a ganinta tun ranar da tsohuwar ta ji kalmar musanya ta sani, duk zagin da ta yi wa Mato kanta take kauce wa. Shi kuma ya gwammace a kira shi maye, a kira shi mai kisan kai, da ya gaya wa uwa cewa shawararta ce ɗanta ya bi. Da ya faɗa tun ranar farko wataƙila da ya huta da noman damina guda. Ni da nake da saurin baki na san da na faɗa. Inde dai ta miƙe, ta ce wa Mato ya ƙarasa layin da yake kai, su shirya su tafi Maradi.

Ta hau jakin maƙwabci, Mato na ja. Suka biya ta Madarumfa, Marka ta bi su a baya. A biro aka tsayar da Mato tsakiyar ɗaki. Shu'aibu ya yi wa Inde kallon wadda aka saya, ya tambaye ta me aka ba ta har ta taso.

"An ba ni noman da ɗana za ya yi mani da kun bar mani shi," ta ce. "Hwaɗa mashi hakanan."

Ban sani ba ko ya faɗa. Kumandan dai ya yi magana, tafinta ya juyo.

"Kumandan na tambaya, wanga mutum ɗanki na?"

Ta daɗe tana kallon Mato. Marka da ke bakin ƙofa ta ce a lokacin ta fid da rai, domin ta ga leɓen tsohuwar na motsi kamar za ta ce e. Da ta ce e, da ta samu ɗa a rubuce, ta samu ɗa a gona, babu mai iya karɓe shi, shi kuwa Mato ya tsufa a bukka.

"Ba shi ba na," in ji Inde. "Wanga Mato na, na Madarumfa. Nawa shina can inda kunka kai shi, ya mutu."

Alƙalami ya ja layi, ya yi ɗan rubutu a gefe. Abin da ya hana mutum shiga gidan ubansa duk tsawon lokacin nan, kafin a sha ruwa an gama shi.

Takardar sai da ta sake zuwa Dakar ta dawo, bayan an kai amfanin gona rumbu. Baba Nomau ya ce shi takarda ba ta yi masa magana, sai gardi ya zo a kan doki ya tsaya inda na farko ya tsaya, ya faɗa da baki. Haka aka yi. Aka yanka akuya a gindin jigo, aka ba matattu haƙuri aka karɓo sunan. Mato ya ƙetare danga ya kama hannun ɗansa, yaron ya yi ta tsala ihu, don an daɗe ana tsorata shi da mutumin bukka. Ya rayu bayan nan shekaru masu yawa, ya yi kamun kifi, ya yi noma, ya aurar da ƴaƴa, kuma gonar Inde shi ya riƙa nome ta har ta mutu. Duk da haka akwai tsofaffin da suka shiga kabari ba su gama yarda da shi ba.

Amma in ka tambayi Mato ranar da ya dawo duniya, ba ranar gardi yake faɗa ba, ranar biro yake faɗa. Da suka fito, Inde ta nufi inuwar wata tsamiya ta zauna, ta kwance ƙullin furar da ta taho da shi, ta roƙi ruwa wurin wata mai talla, ta dama a ƙwaryarta. Ta tashi da ƙwaryar ta nufi Mato. Shi kuwa jiki ya saba, sai ya ja da baya ya sunkuyar da kai, yana jira a ajiye a ƙasa.

"Mi kake jira?" ta ce. "Miƙo hannu."

"Inna, ba a miƙa mani. Baba ya ce in anka yi, ba a san wa za su ɗauka ba."

"Su ɗauki wa? Ni ban da saura. Miƙo hannunka."

Ya miƙa hannu biyu, ta ɗora masa ƙwaryar. Ta tsaya a kansa sai da ya shanye, ta karɓi ƙwaryarta ta kife a ƙasa. Sannan ta ɗora hannu a ka, a nan tsakiyar bariki, gaban masu gadi da kowa, ta buɗe baki ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun da ta haife shi.

"Wada! Wayyo ni, Wada!"